Cin Ranin Ɗalibai, Daga Ƙasar Wudil Zuwa Ƙetare

Ɗankaza gari ne na manoma a ƙasar Wudil, cikin Jihar Kano. Yadda shekara ta ke juyawa a can, haka ta ke a sauran ƙauyukan ƙasar Kano. Ruwa ya kan zauna daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, a yanke gero, a girbe dawa wajen Nuwamba, a zuba a rumbu. Daga nan kuwa sai a yi wata shida ko bakwai ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Wanda ba shi da fadama, ba shi kuma da sana'ar hannu, ba abin da ya rage masa sai ya zauna yana cin abin da ya noma, rumbu na raguwa, damina na da nisa. Wannan shi ne asalin cin rani. Saurayi ya kan bar gida da kaka, ya tafi wata ƙasa ya yi ƙwadago, ya ci abincin can, ya komo da bazara da 'yan kuɗi a aljihu. Ya sami riba biyu ke nan, ga kuɗin da ya kawo, ga hatsin da bai ci ba.

A 'yan shekarun nan wata magana ta bazu tsakanin samari masu karatun boko, har da na jami'ar da aka buɗe a Wudil cikin 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote cikin 2022. Suna ji ta wayar hannu wai ɗalibi na iya zuwa Amurka ko Jamus ko Ingila lokacin babban hutu, ya yi aikin wata uku, ya komo da kuɗin makarantar shekara guda. Maganar tana da tushe, amma an yi mata gishiri da yawa. Ɗalibin ƙasar Hausa ya daɗe yana gama karatu da ƙwadago a baƙuwar ƙasa, kuma magabata sun tsara wa abin ƙa'idodi. Wanda ya san su ba ya faɗawa hannun macuta da sauƙi.

Almajiri da ƙwadago

Tun kafin zuwan Turawa, da an gama kaka malamin allo ya kan tattara almajiransa, kowa ya ɗaure allonsa da buzunsa, su bar ƙauye. Iyaye su kan ba da 'ya'yansu don su sami karatu sa'ad da babu aikin gona. Waɗansu su nufi birnin Kano, masu son fiƙihu da nahawu su nufi Zariya, masu neman haddar Alƙur'ani kuwa su yi Gabas, watau ƙasar Barno, wadda ta yi suna wajen tilawa da kyan rubutu. Har wa yau babbar hanyar mota daga Kano zuwa Maiduguri ta gadar Wudil ta ke ƙetare kogi, saboda haka mutanen wannan yanki ba baƙin ganin matafiya Gabas ba ne.

Ƙaramin yaro, wanda a ke kira kolo, da bara ya ke samun abinci. Amma da zarar ya tasa ya zama gardi, bara ta zama abin kunya gare shi, sai sana'a. Karatu na asuba ne da na dare a bakin wutar kara. Tsakiyar rana, da ranakun Alhamis da Juma'a da ba a zama makaranta, su ne na neman kuɗi. Wani ya yi ɗinkin hula, wani aikin wuyan riga, wani dako a kasuwa, wani ga-ruwa, wani wanki, wani yankan farce. Gini kuma aikin rani ne, don tubalin ƙasa ba ya bushewa da damina, saboda haka gardawa da yawa su ne masu kwaɓa ƙasa da miƙa tubali a birni. Da masana'antu suka yawaita a Bompai da Sharaɗa, waɗansu suka shiga aikin lebura a can, in damina ta kawo jiki su ajiye su koma gona. Abin da aka tara da shi a ke sayen takarda da sabulu, a ba malam kuɗin Laraba, a ɗinka rigar salla, a taimaki uba da kuɗin haraji a zamanin da a ke biyansa, in an yi sa'a kuma a fara tarin sadaki.

In aka duba wannan tafiya da kyau, za a ga abubuwa huɗu ne suka riƙe ta. Na farko, almajiri ba ya tafiya sai da jagora wanda iyayensa suka sani, suka san gidansa, suka san inda za su same shi in wani abu ya faru. Na biyu, akwai masauki sananne a inda za a sauka, zauren wani attajiri ko na wani malami, wanda zai tsaya wa baƙo in rigima ta taso. Na uku, akwai ranar komowa, don da hadari ya fara haɗowa daga gabas kowa ya san lokacin sharar gona ya yi. Na huɗu, karatu shi ne maƙasudi, ƙwadago bawansa ne. Gardin da ya bar allo ya rungumi dako, ya shekara bai komo ba, mutanen garinsu ba su ƙara kiransa almajiri.

Gwanja da Sudan

Ƙetare iyaka ma tsohon abu ne. Fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro a Salaga, cikin arewacin ƙasar Gana ta yanzu. Ayari ba ya tashi sai da malami, mai rubutu da lissafi da addu'a, malami kuwa ba ya tafiya sai da almajirai. Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan marubuci, a Kano aka haife shi cikin 1858, ya yi yawon neman ilmi, ya bi hanyar fatake har Salaga, daga baya ya zauna a Kete-Karachi, inda ya rasu cikin 1934. A kowane babban gari na kurmi Hausawa sun kafa zango, kamar na Kumasi, da Sabo ta Badun wadda aka keɓe musu cikin 1916. Zango yana da sarki, yana da limami, yana da masu gida da ke saukar da baƙi. Yaron da ya iso ba shi da kowa, in ya faɗi sunan garinsu, ba ya rasa wanda zai kai shi wurin mutumin ƙasarsu, a ba shi tabarma, a nuna masa inda a ke ɗaukar leburori.

Da noman koko ya bunƙasa a Gana da ƙasar Yarabawa, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano cikin 1911, sai tafiyar ta ƙara yawa. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa ma'aikata a mashigai da manyan hanyoyi na Lardin Sakkwato suna ƙirga masu fita cin rani, aka sami mutum wajen 259,000, har da waɗanda suka gangaro daga ƙasar Faransi, watau Nijar ta yanzu. Wannan lissafin hanyoyin lardi guda ne cikin rani guda.

Ta gabas kuma akwai hanyar Hajji ta ƙasa. Mai niyya ya kan tashi da ɗan guzuri, ya ratsa Barno da Cadi da Darfur, yana tafe yana ƙwadago. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a kan Shuɗin Nilu cikin 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, mutanen Afirka ta Yamma suka zama ƙashin bayan masu tsinkar audugar. Kusa da nan ga garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Almajirai da yawa sun tsinki auduga a Jazira da rana, sun yi karatu da dare. Waɗansu sun isa Makka bayan shekaru sun komo, waɗansu kuwa can suka yi aure suka zauna, jikokinsu na can har yanzu.

Baƙo dai baƙo ne

Amma zango bai hana baƙo zama baƙo ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana goma sha huɗu ya fita. Hausawan da suka yi shekara talatin a Kumasi, waɗanda ba su taɓa tunanin wata takarda ba, suka sayar da kayansu da araha, suka cika manyan motoci. A Janairun 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙin da ba su da takardu, yawancinsu mutanen Gana. Tun daga nan aka gane mutuncin mai gida shi kaɗai ba ya isa, sai an gama da takardar hukuma.

Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa cikin 1975, ta yi yarjejeniya cikin 1979 cewa ɗan kowace ƙasa tata na iya shiga 'yar'uwarta ba biza ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya da katin rigakafi. Wannan ya sauƙaƙa zuwa Gana da Binin da Togo. Duk da haka iyaka ta kan rufe ba zato. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar. A Sudan kuwa, da yaƙi ya ɓarke cikin Afrilu 2023, sai da aka kwaso ɗaliban Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, ta kan iyakar Masar da ta Port Sudan. Mai shirin tafiya, in ya tambayi yadda a ke shiga ƙasa, ya kamata ya tambayi yadda a ke fita.

Ƙofofin Turai da Amurka

To, ga gaskiyar abin da samari ke ji. A Amurka akwai wani shiri da ya samo asali daga dokar musayar ilmi da al'adu ta 1961, wanda a ke shiga da bizar da a ke kira J-1. Ƙa'idarsa ita ce mutum ya kasance cikakken ɗalibin jami'a a wajen Amurka, ya yi aiki lokacin babban hutunsa, kada ya wuce wata huɗu, sa'an nan ya koma makarantarsa. Aikin yawanci na gidajen saukar baƙi ne da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa, watau wanke-wanke da shara da gyaran ɗaki. Ba a samun bizar sai ta hannun wata ƙungiya da gwamnatin Amurka ta yarda da ita, wadda za ta aiko da takarda mai lamba DS-2019. Amma ƙofar ta ƙuntata ga 'yan Nijeriya. A Yulin 2025 aka rage yawancin bizarsu ta ziyara zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, a Disamba na shekarar kuma aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba mutanensu waɗansu irin biza, har da ta ɗalibai da J-1, daga farkon 2026. Duk wanda ya yi wa yaro alkawarin wannan biza, sai a fara tambayar ofishin jakadancin Amurka ko an ɗage wannan hani.

A Jamus doka ta yarda ɗalibin jami'ar wata ƙasa ya yi aikin hutu har kwana 90 cikin shekara, amma sai ta hannun hukumar samar da aiki ta gwamnatinsu, kuma sai ya kawo shaida daga jami'arsa mai nuna ranar da hutu ya fara da ranar da zai ƙare. A Ingila kuwa an yi wani shiri na ɗaukar ɗaliban ƙasashen Turai aikin gona tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka rufe shi cikin 2013. A 2019 aka buɗe sabo, ba na ɗalibai kaɗai ba, da gurbi 2,500, ya kai 45,000 a 2023. Aikin tsinkar 'ya'yan itace ne da kayan lambu, iyakarsa wata shida, kuma waɗansu 'yan kamfanoni ƙalilan ne aka ba izinin ɗauko ma'aikatan. Tun daga 2022 mafi yawan waɗanda suka ɗauko daga tsakiyar Asiya su ke, kamar Kirgistan da Tajikistan da Uzbekistan.

Akwai kuma abu biyu da masu yaɗa labarin ba su faɗa. Na ɗaya, lokacin da Turawa ke neman hannu, watau Yuni zuwa Satumba, shi ne tsakiyar damina a ƙasar Kano. Tsohon cin rani yana ɗauke saurayi sa'ad da gona ba ta bukatarsa. Wannan kuwa zai ɗauke shi daidai lokacin noman fari da maimai, uba ya koma biyan 'yan ƙwadago. Na biyu, shirye-shiryen nan duka a kan tsayayyen hutu aka gina su, alhali kalandar jami'o'in gwamnati a Nijeriya ta sha rikicewa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayansa aka yi ta gajarta hutu don a cike giɓi. Ɗalibin da ya tafi bisa tsohuwar kalanda yana iya komowa ya tarar an yi jarrabawa ba shi.

Sai kuma lissafin kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi cikin 2023, albashin mako guda a Turai, in an juya shi naira, ya kan ruɗa mai ji. Amma faɗuwar nan ita ce kuma ta ninka kuɗin jirgi da na biza da na fasfo. A can kuma za a cire kuɗin ɗaki da abinci da haraji, ranar da babu aiki a gona kuma abin da za a samu ya ragu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dillalai

Inda ƙofa ta yi ƙunci, nan dillali ke kafa rumfarsa. Ya kan zo da hotuna a waya, da takarda mai hatimi, ya ce gurbi kaɗan ya rage, a kawo kuɗi kafin Juma'a. Uba ya jinginar da gona, ko ya kai bijimi kasuwar Wudil, uwa ta sayar da akuyoyinta. Daga nan sai wayar dillali ta mutu. Ba a Nijeriya kaɗai a ke wannan ba. A 2022 an sami ma'aikatan gona daga Nepal da Indunusiya a Ingila waɗanda suka ci bashi mai nauyi don biyan dillalan ƙasarsu, aikin ya ƙare ba su fanshe bashin ba, alhali dokar Ingila ta hana a karɓi kuɗi a hannun mutum don a samo masa aiki.

Mafi muni shi ne dillalin da zai ce a bar maganar biza, akwai hanya ta Agadas. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance ta jihar Damagaram, motocinsu sun lalace a kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Su ma neman abinci suka fita.

Gane macuci ba shi da wuya ga wanda ya riƙe ƙa'idodin magabata. A Nijeriya mai ɗaukar ma'aikata zuwa ƙetare sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, saboda haka a nemi ganin lasisin, a kuma bincika. A nemi sunan wanda za a yi wa aikin da adireshinsa, da takardar yarjejeniya mai nuna albashi da sa'o'in aiki da kuɗin ɗaki. Biza ofishin jakadanci ke ba da ita, ba wani mai shago ba. Fasfo kuma ba a miƙa shi ga kowa ya ajiye. Wanda ya ga alamar fataucin mutane, akwai hukumar NAPTIP da aka kafa cikin 2003 don wannan. Uban da ba zai ba da ɗansa ga malamin da bai san gidansa ba, bai kamata ya ba da kuɗin gonarsa ga lambar waya ba.

Abin da ke kusa

Ƙasar Kano ma ta sake tun zamanin da rani ke nufin zaman banza. Bayan da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka shimfiɗa noman rani a Kadawa da Kura, inda a ke noma shinkafa da alkama da tumatir, kuma a ke neman hannu wajen dashe da yanka da tsinka. A bakin kogin Wudil akwai masu lambu da masunta. Kasuwar shanu ta ran Juma'a tana tara fatake daga nesa, tana bukatar masu lodi da masu rubutu da masu lissafi. Ɗalibin da ya iya gyaran waya, ko ɗinki, ko haɗa wutar hasken rana, ko koyar da yara, yana iya samun abin rage wa iyayensa nauyi ba tare da ya sayi tikitin jirgi ba. Kuɗin ba su kai na Turai ba, amma ba a jinginar da gona kafin a same su.

Wannan ba hana tafiya ba ne. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma ƙasar Hausa ta amfana ƙwarai da 'ya'yanta da suka ga duniya suka komo. Wanda Allah ya buɗa wa ƙofa ta halal, da takarda ta gaskiya, da masauki sananne, da yardar iyaye da ta makarantarsa, ya tafi, ya riƙe amana, ya kiyaye dokar masu ƙasa, ya komo ranar da ya ce zai komo. Komowar nan ita ce ke buɗe wa na bayansa hanya, don kowane ɗalibi da ya ɓace bayan bizarsa ta ƙare, ya ƙara wa ƙannensa wuyar samunta. Wanda kuwa ƙofar ba ta buɗe masa ba, ya haƙura ya gama karatunsa, gama takardar shaidar da zai fita da ita ta fi ƙarfin albashin wata uku.

Allah ya kiyaye matafiya, ya komo da su gida lafiya, ya sa albarka cikin karatun yara, amin.